Molon Japan a Sakkwato: yadda za ka koyi shamisen ta intanet

Ni ɗan gidan dukawa ne a nan Sakkwato. Cikin warin bagaruwa na tashi, kuma tun ban kai shekara goma ba nake rarrabe fatar akuya da ta tunkiya da tafin hannu kawai. Don haka ranar da ƙanena ya miƙo mini wayarsa a bakin shago, wani yammaci cikin 2021, ya ce, "Yaya, zo ka ga molon Japan," fatar na fara kallo kafin in kasa kunne ga kiɗan. Fara ce fat, an ja ta sosai a kan wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu, ga dogon wuya siriri, ga tsirkiya uku. Wasu samari biyu, wa da ƙane, waɗanda aka fi sani da 'yan'uwan Yoshida, suna dukanta da wani abu mai faɗin baki kamar gatari. Sautin ya shige ni. Akwai kukan tsirkiya a ciki, akwai kuma bugun ganga, duk daga hannu ɗaya.

Sunan abin shamisen. Shekara uku da 'yan watanni ke nan ina koyonsa, ban taɓa taka ƙasar Japan ba, ban kuma taɓa zama ɗaki ɗaya da wanda ya iya shi ba. Duk abin da na sani ta waya ya zo mini. Mutane sukan tambaye ni ta ina ake farawa, shi ya sa na zauna in rubuta hanyar yadda na bi ta, har da wuraren da na yi tuntuɓe, don kada wani ya maimaita.

Asalin kayan daga ƙasar Sin yake, inda ake kiransa sanxian. Ya ratsa tsibiran Okinawa ya zama sanshin, wanda ake rufewa da fatar mesa, sannan a ƙarni na 16 ya shiga Japan ta tashar jiragen ruwa ta Sakai, kusa da Osaka. Da yake babu mesa a can, sai suka koma ga fatar kyanwa da ta kare. Makafin da ke kaɗa wani tsohon kayan kiɗa mai suna biwa su suka kawo masa babban makaɗin nan, wanda ake kira bachi. Tsawonsa duka kusan mita ɗaya ne, kuma wuyansa sumul yake kamar na molo da gurmi, babu ƙarafan nan da ake jerawa a wuyan jita. Kunnenka da yatsanka su za su nemo wurin kowane sauti.

Kafin ka kashe ko sisi, zaɓi salon da kake so

Wannan shi ne abin da babu wanda ya faɗa mini da wuri. Shamisen iri uku ne gwargwadon kaurin wuya: siriri, wato hosozao; matsakaici, wato chuzao; da mai kauri, wato futozao. Kowanne da gidansa. Siririn shi ake kaɗa wa nagauta, kiɗan wasan kwaikwayon kabuki. Matsakaicin na wani tsohon salon waƙa ne mai suna jiuta, da waƙoƙin karkara da suke kira min'yo. Mai kaurin shi ke rakiyar wasan 'yartsana na bunraku, shi ne kuma na salon Tsugaru, wanda na ji a wayar ƙanena.

Tsugaru yanki ne a jihar Aomori, can arewa mai dusar ƙanƙara. Makafi masu yawo ƙofa-ƙofa suna kiɗa a ba su abinci su suka haifi salon, shi ya sa yake da ƙarfi da kaushi: kiɗan waje ne da dole ya ratsa iska ya isa cikin gida. Takahashi Chikuzan, wanda aka haifa a 1910 ya rasu a 1998, da irin wannan yawon ya fara kafin sunansa ya game ƙasar. Duk Bahaushen da ya san rayuwar makafi masu waƙa a kasuwanninmu ba zai ji labarin ya yi masa baƙo ba. Har yau ana gasar wannan kiɗa a garin Hirosaki duk watan Mayu.

Ka ɗauki mako biyu kana sauraro kawai. Rubuta sunayen nan ɗaya bayan ɗaya a YouTube, ka ji wanda zuciyarka ta kwanta da shi. Dalilin shi ne riƙon bachi, girmansa, kaurin tsirkiya, har da yadda ake rubuta kiɗan, duk sun bambanta daga salo zuwa salo. A cikin salo ɗaya ma akwai gidaje, kowane gida da shugabansa da yadda yake koyarwa, kamar dai yadda kotson fada ya bambanta da kalangun 'yan dambe. In ka ɗebi darasi nan ka ɗebi can, hannunka zai rikice. Ni Tsugaru na zaɓa, kuma mafi yawan darussan da ake samu da Turanci nasa ne da na min'yo.

Kayan da za ka fara da shi

Shamisen na gaske yana da tsada, kuma kuɗin aiko shi zuwa Najeriya, a nawa dai, ya kusa kama kuɗin kayan. Ban ba ka shawarar ka saya tun ranar farko ba. Ni da akwati na fara. Na kai wa wani kafinta a Mabera hoto da awo, ya haɗa mini ɗan akwatin katako da dogon wuya da ya ratsa cikinsa, da turaku uku na ɗaure tsirkiya. Na rufe shi da fatar akuya da kaina. A nan sanin gidanmu ya yi mini rana: jemammiyar fata ba ta magana. Jar akuyar Sakkwato da duniya ke yabo, in ta sha bagaruwa ta yi laushi, ta jaka ce da takalmi. Wadda za ta yi sauti ita ce wadda ba a jeme ba, irin ta masu haɗa kalangu, a jiƙa ta, a ja ta tana da danshi, a bar ta ta bushe a inuwa. Tsirkiya kuwa zaren fatsa na saya mai kauri uku daban-daban. Bachi na yanke shi daga wani faffaɗan roba mai tauri, na goge bakinsa da sanfefa.

Kada ka raina wannan. Mutanen Okinawa da kansu, bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ba su da komai, da gwangwanin abinci suka riƙa haɗa nasu, har ya sami suna, kankara sanshin. Mu ma mun san kuntigin Ɗan Maraya Jos, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya, da abin da ya yi da shi. Akwatina bai da daɗin sauti, amma ya ba ni wata biyar na gwada kaina in ga ko sha'awar ta kwana ɗaya ce.

In ka tashi sayen na gaske, ga abin da zan ce da babbar murya: sayi mai fatar roba. Ni da nake son fata fiye da kowa nake faɗa maka haka. Fatar shamisen ana ja ta ne har iyakar abin da za ta iya ɗauka, a manne ta da wani irin manne na shinkafa, kuma canjin yanayi ne ke kashe ta. A Japan ma lokacin damunarsu ta Yuni da Yuli ta kan tsage. To ina ga garin da hunturu ke busar da leɓe har ya fashe a Janairu, zafi ya haura digiri 40 a Afrilu, sannan Agusta ta zo da danshi? In ta tsage, babu mai gyara ta kusa da kai. Akwai kuma maganar fatar kare, wadda da yawanmu ba za su so riƙe ta a jiki ba. Fatar roba ta raba wannan gardama gaba ɗaya.

Wajen bachi ma ka kula. Na alfarma ana yin su da hauren giwa ko ƙoƙon kunkurun teku, kuma yarjejeniyar duniya ta CITES ta hana fataucinsu tsakanin ƙasashe. Nemi na roba ko na katako. Ka tambayi mai sayarwa ko wuyan mai rabuwa uku ne, wanda suke kira mitsuori, domin yana shiga ƙaramin kwali, kuɗin aikowa ya ragu. A cikin kwali ɗaya ka haɗa da tsirkiyoyi masu yawa, musamman ta uku, siririyar, don ita ta fi tsinkewa. Ta farko, mai kaurin, yawanci ta siliki ce, sauran akan samu na nailan. Ka haɗa da jaki biyu, wato ɗan abin da ke ɗage tsirkiya daga kan fata, wanda a harshen Japan ake kira "koma", da yubisuri, ɗan saƙaƙƙen ƙyalle da ake sa wa babban yatsa da manuni na hagu don hannu ya riƙa sulɓi a wuya. In yubisuri ya ɓace, duk mai saƙa hula ko safa za ta yi maka shi in ta ga hoto. Shafukan gwanjo na Japan cike suke da tsofaffin shamisen masu arha, amma yawancinsu fatarsu a tsage take, kuma wuyan yana iya zama a karkace ba ka gani a hoto ba. Sabon shiga ya kauce musu.

Bidiyo ba ya ganin hannunka

Darussan intanet kashi uku na same su. Akwai bidiyon kyauta a YouTube. Akwai jerarrun darussa da aka naɗa tun daga farko zuwa gaba, irin na shafin Bachido, wanda wani Ba'amurke mai suna Kyle Abbott ya kafa don masu koyo a wajen Japan. Sai kuma malami mai rai, wanda zai gan ka ya gyara maka, ko kai tsaye ta Zoom ko ta hanyar ka naɗi kanka ka aika masa.

Na yi wata bakwai a kashi biyun farko ni kaɗai, ina jin daɗi, ina ganin ina ci gaba. Sai wuyan hannuna na dama ya fara ciwo, ciwon da har ya kai ni ga kasa riƙe basilla a shago. Da na sami malama, wata dattijuwa da ke koyarwa daga Osaka da ɗan Turancinta, ba ta bari na kai ƙarshen layin farko ba ta ɗaga hannu. Ta ce in matso da wayar. Ashe duk watannin nan da yatsu nake matse bachi ina tsinkar tsirkiya kamar mai kaɗa gurmi, wuyan hannuna a miƙe, kafaɗata a ɗage. Abin da ake so shi ne damtse ya kwanta a gefen akwatin, wuyan hannu ya lanƙwashe ya saki, nauyin hannun ya faɗo da bachi ya ratsa tsirkiya ya sauka a kan fata. Wannan saukar ita ce bugun gangar da na ji tun ranar farko. Na kalli bidiyon da ke bayanin haka ya fi sau hamsin, kuma na yi imani abin da nake yi ke nan. Wata huɗu muka yi muna warware abin da na ɗaura wa kaina.

Saboda haka, in kuɗinka na darasi ɗaya ne tak da malami, kashe shi a makonni biyun farko, kan riƙo da zama. Waƙoƙi za ka iya koyonsu daga bidiyo daga baya. Riƙon da ya zauna a karkace kuwa, icce ne da ya bushe, tanƙwara shi sai da wahala.

A cikin hanyoyin biyu na malami, ga mutumin Sakkwato na fi yabon ta naɗi. Ka ɗauki bidiyon minti biyu ko uku, ka aika lokacin da sabis ya yi kyau, malami ya kalla ya maido maka da nasa bidiyon yana nuna gyara. Ba ruwanka da yankewar layi a tsakiyar darasi, datarka ba ta ƙonewa, kuma gyaran yana nan a wayarka ka maimaita kallonsa. Ni yanzu haka muke yi sau biyu a wata, sai darasin kai tsaye sau ɗaya. Ba kowane malami ke tallata wannan tsari ba, amma in ka bayyana halin da kake ciki da ladabi, da yawa sukan yarda. Wajen neman malami, ka saurari kiɗansa tukuna, ka tambayi salonsa da gidan da ya yi karatu, da ko ya taɓa koyar da wanda ya fara daga sifili. Ka kuma tabbatar tun farko cewa kana da katin banki da ke biyan kuɗin waje, kada a sa rana ka rasa hanyar biya.

Ranar darasin kai tsaye

Japan tana gaban Najeriya da awa 8, kuma ba su canja agogo rani ko damina, mu ma haka. Ƙarfe 10 na safe a Sakkwato ƙarfe 6 na yamma ne a can. Ni bayan sallar asuba na fi so, wajen ƙarfe 7, lokacin su ƙarfe 3 na rana: gari bai yi zafi ba, masu babura ba su cika titi ba, maƙwabta ba su tada janareta ba. In malamin a yammacin Amurka yake, lissafin juyawa yake yi, su ne a bayanmu da awa 8 ko 9.

Ka yi cajin waya tun dare, ka ajiye fawa bank a kusa. Darasin awa ɗaya yakan ci mini kusan giga ɗaya. Abu mafi muhimmanci shi ne sauti. Zoom an gina shi ne don maganar mutane, yana ɗaukar kukan tsirkiya a matsayin hayaniya ya share shi, malami ya ga hannunka yana motsi bai ji komai ba. Shiga saitin sauti ka kunna wurin da aka tanada don makaɗa, mai barin sauti yadda yake. Ka kashe fanka in za ka iya jurewa, don iskarta na shiga makirfo. Kada ka yi ƙoƙarin kaɗawa tare da malami lokaci ɗaya, jinkirin layi ba zai bari ku haɗu ba. Shi ya kaɗa ka maimaita, ko ka rufe makirfonka ka bi shi.

Wayar ka jingina ta daidai tsayin cibiyarka, nesa da kai kamar taku biyu, yadda hannu biyu da kafaɗa za su fito. Haske ya zo daga gabanka. Ni a kan buhun fatu nake ɗora tawa, in fuskanci ƙofa.

Akwai ladabin da ya kamata ka sani. Ana kiran malami sensei. A farkon darasi akan ɗan sunkuya a ce yoroshiku onegaishimasu, a ƙarshe a ce arigato gozaimashita. Wanda ya taso yana durƙusa wa malamin allo ba sai an koya masa dalilin wannan ba. Mutanen Japan kan zauna a kan dugadugansu, zaman da suke kira seiza, mai kama da zaman tahiya, amma zama a kujera ma karɓaɓɓe ne.

Abin da za ka yi a watannin farko

Akwatin yana zama a kan cinyar dama, ɗan nesa da ciki, wuyan ya tashi ta hagu har turakun su kai wajen kafaɗa ko kunne. Damtsen dama ne ke danne shi, hannun hagu ba ya ɗaukar nauyinsa. Gwaji mai sauƙi: saki hannun hagu gaba ɗaya, in wuyan ya faɗi, zamanka bai daidaita ba. Bachi kuwa ƙotarsa tana shiga tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, babban yatsa ya danna kusa da baki. Zai yi maka ciwo a ƙaramin yatsa makon farko, wannan ba komai. Ciwon da ke cikin gaɓar wuyan hannu shi ne alamar kuskure, in ka ji shi ka tsaya.

Sai saita tsirkiya, wanda iri uku ne: honchoshi, niagari da sansagari. Sauke manhajar saita sauti a waya. Manhajar da haruffa take nuna sauti: in ka sa tsirkiya ta farko a C, honchoshi shi ne C, F, C. Niagari C, G, C. Sansagari kuwa kamar honchoshi yake, sai dai ta ukun ce ke sauka ta koma B♭, wato sautin da ke ɗan ƙasa da B. Turakun ba su da kusa, matsi kawai ke riƙe su, don haka kana murɗawa kana turawa ciki. Da hunturu katako yakan tsuke, turaku su riƙa sulɓewa tsakiyar kiɗa. Kada ka sa musu mai ko manne, ka dai ƙara tura su ciki da haƙuri.

Rubutun kiɗan da aka fi koyar da baƙi da shi sunansa bunkafu, kuma yana da sauƙi ƙwarai: layi uku a kwance, kowanne tsirkiya ɗaya, da lambobi a kansu masu nuna inda za ka danna. Sifili yana nufin ka bar tsirkiya a sake. Ana sayar da wata doguwar takarda mai lambobin da ake mannawa a gefen wuya, fujaku, amma da tef ɗin tela za ka iya yin taka. Auna tsirkiya daga inda ta tashi a sama zuwa jaki. Rabin tsawon daidai shi ne lamba 10. Kashi ɗaya cikin uku daga sama shi ne 6, kashi ɗaya cikin huɗu shi ne 4. Da waɗannan ukun za ka iya saitawa da kunne ma: a niagari, tsirkiya ta biyu sautinta ɗaya da lamba 6 a kan ta farko, ta uku kuma ɗaya da lamba 10. Yatsu uku ake dannawa da su, manuni da na tsakiya da na zobe, kuma manuni da bakin farce yake dannawa, har farcen ya yi ɗan gurbi inda tsirkiya ke bi.

Abin da ya fi faranta mini rai a duk karatun shi ne kuchi-jamisen, wato shamisen na baki. Kafin a sami rubutu, da baki ake koyar da kiɗan, kowane bugu da sunansa. Tsirkiya ta uku a sake ten ce, in an danna ta chin. Ta biyu a sake ton, a danne tsun. In an haɗa biyu a bugu ɗaya, shan. In bachi ya ɗago tsirkiya daga ƙasa, bugun da ake kira sukui, sai ten ta koma ren, chin ta koma rin. Ranar da malamata ta fara rera mini layi da baki, sai na tuna yadda yaran makaɗa a garin nan ke haddace take da baki tun ba a ba su kalangu ba. Ka riƙe wannan hanya da kyau. Ina ɗinki a shago ina rera darasina, in na koma gida hannu ya tarar da shi a shirye. Malamata takan ce abin da bakinka bai iya ba hannunka ba zai iya ba.

Tsarin da na bi shi ne minti 20 kullum. Goma na farko tsirkiya a sake kawai, bugu ɗaya bayan ɗaya a hankali, ina sauraron ko bachi ya sauka a fata. Goma na biyu layi ɗaya ko biyu na waƙa. Yawancin malamai da wata tsohuwar waƙar Japan ta furen bishiyar sakura suke farawa, don gajera ce kuma a hankali take tafiya. A YouTube ka rage saurin bidiyo zuwa 0.75 ko rabi, sautin ba ya canjawa. Duk Juma'a ka naɗi kanka ko ba za ka aika wa kowa ba, ka ajiye wayar gefe da bidiyon malami ka kwatanta kusurwar wuyan hannu. Hajiki, wato tsinkar tsirkiya da yatsan hagu, da suri, jan yatsa a kan tsirkiya daga wuri zuwa wuri, za su zo a kan lokacinsu.

Wani abu kuma da kada ya tsorata ka: tsirkiya ta farko tana da wani zuuu da ke bin bayan sautinta. Da gangan aka yi shi, sunansa sawari. Tsirkiyar tana ɗan gogar katako a saman wuya, kuma in saitinka ya yi daidai, ko sauran biyun ka buga za ka ji tana amsawa. Na taɓa kai shamisen ɗina wurin wani tsoho mai molo da mahaifina ya sani a wajen Kwannawa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa fatar robar da farce bai ce komai ba, sannan ya bugi tsirkiya ta farko ya kasa kunne har sautin ya mutu. Ya ce, "Ɗana, wagga tsirkiya ta san magana." Ya nuna mini ɗan ƙarfe mai zobba da ake maƙalawa a kan garaya don a sami irin wannan zizar. Tun daga ranar, da sawari nake gane ko saitina ya zauna, kafin in duba waya.

Kula da shi, da kula da mutane

Duk lokacin da ka gama, ɗage tsirkiya ka zare jakin, kada ya kwana yana danne fata. Goge wuya da tsirkiya da ƙyalle mai laushi, don zufar Sakkwato gishiri gare ta. Sa akwatin a leda, ka mayar cikin jakarsa, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da rana ke duka. Kada ka bar shi cikin mota ko minti goma. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan turaku, sai ka riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya kana gogewa. Ni na ɗinka wa nawa jaka da jar fata, na kuma yi masa ɗan murfin da damtse ke kwanciya a kai, wanda su ke kira dokake. Da malamata ta gani ta tambayi irin fatar, na ba ta labarin akuyarmu.

Shamisen na Tsugaru yana da ƙara sosai, kuma gidajenmu a haɗe suke. Akwai wani faffaɗan jaki mai suna shinobi-goma da ke haye akwatin daga gefe zuwa gefe ya kashe yawancin sautin. Sayi ɗaya tare da kayan. Da shi nake aiki da dare. Da an kira salla nake ajiyewa, kuma ba na taɓa shi a watan azumi.

Maganar mutane kuwa za ta zo, gara ka shirya mata. A garin nan kiɗa sana'ar gado ce ta wasu gidaje, kuma malamai suna da maganganu a kan kayan tsirkiya. Ni ba malami ba ne, wanda abin ya dame shi ya tambayi malamin da ya amince da shi kafin ya sa kuɗinsa. Ranar da kwalin shamisen ɗin da na saya ya iso, mahaifina ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wanga abu, mi kaka so ka yi da shi?" Na ce, "Baba, koyo kawai nika so, ba roƙo za ni yi ba, kuma ba zai taɓa aikin shago ba." Ya ce to, in riƙe alkawarin. Yanzu in ina aikin tsirkiya a sake da safe yakan zauna a zaure da carbinsa, wani lokaci ya aiko yaro ya ce mini ta tsakiyar ta sauka. In na duba manhajar, sai in tarar ta sauka ɗin.